Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Shirya Kwana a Bakin Tafki da Motar Tafi-da-Gidanka?

Tambaya:

Wani matashi ɗan Katsina, mai aiki a birnin Minneapolis na jihar Minesota a Amurka, ya rubuto cewa iyayensa za su kawo masa ziyara a watan Yuli. Abokan aikinsa sun ba shi shawarar ya yi hayar irin motar nan da ake kwana a cikinta, ya kai su gandun Itasca da ke bakin tafki su yi kwana uku. Shi bai taɓa yi ba, kuma da ya gaya wa mahaifinsa ta waya, sai tsohon ya tambaye shi abin da zai kai mutum da gidansa kwana a daji. Shi ne yake son sanin wace irin mota ce wannan, ko ana iya tsayawa da ita duk inda aka ga dama, ko ta fi otal araha, da kuma yadda zai shirya tafiyar ba tare da ya wahalar da dattawa ba.

Amsa:

Madalla da wannan tambaya, ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da faranta ran iyaye. Bari in fara da maganar Baba, domin tana kan hanya. A wurinmu kwanan daji na matafiyin da dare ya riska ne, ko mafarauci, ko makiyayi. A can kuwa mutum yakan shekara tsakanin ofis da gida, watanni da dama ƙanƙara ta kulle shi a ɗaki, saboda haka da zarar gari ya yi ɗumi sai ya kwashi iyali su nufi inda babu hayaniya, su kwana biyu su dawo. Ka gaya wa Baba yada zango ne irin na fatake. Bambancin shi ne wannan zangon yana da lamba, da famfo, da makewayi, da ma'aikatan gwamnati masu zagayawa, kuma ba a sauka a cikinsa sai an kama wuri tun da wuri.

Motar da suke nufi, Amurkawa suna taƙaita sunanta da haruffa biyu, RV, ma'anarsa motar shaƙatawa. Mu kuwa muna da sunan da ya fi dacewa da ita. Tun da mun ce wayar tafi-da-gidanka da kotun tafi-da-gidanka, to wannan ita ce ainihin motar tafi-da-gidanka, domin a cikinta akwai gado, da kicin mai murhun gas, da firji, da ɗan bayi mai wurin wanka. Masu injin kansu aji uku ne. Ajin A babba ce kamar doguwar bas ta safara. Ajin B ƙarama ce, girman hayis ko ta ɗara kaɗan. Ajin C tana tsakani: ka ƙaddara mota ƙirar kanta ce aka ɗora mata ɗaki, ɗakin ya miƙo goshi a saman direba, a cikin goshin nan kuma akwai gado. Akwai kuma marar inji, tirela ce da a-kori-kura ke ja, amma wannan sai wanda ya saba da jan kaya, kada ka fara da ita. A gare ku, ajin C mai tsawon ƙafa 25 zuwa 30 ta isa. Lasisinka na ƙaramar mota ya wadatar a kan irin wannan, sai dai kamfanonin haya suna da ƙa'idar shekaru, wasu 21 wasu 25. Akwai kamfani irin Cruise America mai motocinsa na kansa, akwai kuma irin Outdoorsy da RVshare da ke haɗa ka da mai motar da ke ba da hayarta. Ko wacce ka ɗauka, ka duba cewa tana da gado na ƙasa a baya, ka bar wa Baba da Hajiya. Na saman direba da tsani ake hawa, wannan naka ne.

Sai gandun. Kada ka zaci lambun cikin gari ne mai kujeru da lilon yara. A Amurka akwai gandun daji na tarayya, irin Yellowstone da aka kafa a 1872, akwai kuma na jihohi, kowace jiha da hukumarta da dokokinta da kuɗin shigarta. Baba zai gane wannan da sauri idan ka tuna masa da Yankari, wanda ya zama gandun tarayya a 1991 sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Itasca na jihar Minesota ne, Hukumar Albarkatun Ƙasa ta jihar ke kula da shi. An kafa shi a 1891, shi ne mafi daɗewa a gandayen jihar, faɗinsa ya haura eka 32,000, kuma tafkuna fiye da 100 ne a cikinsa, manya da ƙanana. Daga Minneapolis kimanin kilomita 350 ne ta arewa maso yamma, tafiyar sa'a huɗu a ƙaramar mota, amma a wannan motar ka lissafa biyar har da tsaye-tsaye. Garin da ya fi kusa mai manyan kantuna da asibiti shi ne Park Rapids, ta kudu, sai Bemidji ta arewa maso gabas.

Yanzu ga wurin da mutane da yawa ke yin kuskure, kuma ba laifinsu ba ne, tallan motar ne ke nuna ta ita kaɗai a bakin ruwa kamar duk dajin na mai ita ne. A gandun jiha ba a kwana sai a filin da aka ware, aka sa masa lamba, ka biya kuɗinsa. A Itasca manyan zangunan motoci biyu ne, Bear Paw wanda ke dab da tafki, da Pine Ridge wanda ya ɗan ja baya cikin itatuwa. Kowane fili yana da wurin ajiye mota, da teburin katako, da murhun ƙarfe a ƙasa. Jihar Minesota tana buɗe rajistar fili kwana 120 kafin ranar sauka, ta intanet ko ta waya. Ka ga ke nan mai son tsakiyar Yuli, tsakiyar Maris zai zauna gaban kwamfuta da sassafe. Lokacin cunkoso yana farawa daga hutun Litinin ta ƙarshen Mayu zuwa hutun Litinin ta farkon Satumba, makon 4 ga Yuli kuwa, ranar 'yancin ƙasar, shi ne ƙololuwa. Filayen Juma'a da Asabar su ke fara ƙarewa. Shawarata ku sauka ran Litinin ku tashi ran Alhamis: wuri ya fi samuwa, zango ya fi shiru, kuma kun dawo gari kafin Juma'a.

Wanne za ka fara kamawa, mota ko fili? Ka fara yanke shawarar tsawon motar da za ka ɗauka, ka kama filin da zai ɗauke ta, sannan a ranar ka tabbatar da hayar motar. Dalili shi ne kowane fili an rubuta iyakar tsawon motar da zai ɗauka, an kuma rubuta ko yana da wutar lantarki ko babu. Wanda ya zo da mota mai ƙafa 30 filin da aka yi wa mai ƙafa 20, zai tarar gindinta na tare hanya, ba kuma lalle ne a samu wani fili a sauya masa ba. Ka zaɓi mai lantarki, ka duba taswira ka ɗauki wanda ke kusa da ginin wanka da bayi saboda dattawa, amma ba dab da ƙofarsa ba, don kada sawun mutane ya hana su barci. Fili ɗaya na mutum shida ne. Ban da kuɗin fili akwai takardar izinin shigar mota gandu, ta yini ko ta shekara, wadda ake sawa a gilashin gaba. 

Bari mu daɗe kaɗan a kan ruwa, domin a nan ne gidan mota ya bambanta da gidan ƙasa. Motar tana da tankuna uku. Na farko na ruwa mai tsabta ne, a matsakaiciyar mota yakan ɗauki kimanin lita 150, wato jarka shida ta lita 25. Na biyu shi ke tara ruwan wanke-wanke da na wanka, suna kiransa tankin ruwan toka saboda launinsa. Na uku na bayi ne, suna kiransa baƙin tanki, ka ɗauke shi a matsayin shadda mai tafiya da kai. Duk abin da ya fita daga na farko, cikin ɗayan biyun nan yake komawa, idan sun cika kuwa sai ruwa ya fara dawowa ta ramin wurin wanka. A yawancin gandayen Minesota filin ba shi da bututun ruwa ko na ƙazanta da za ka jona, lantarki ne kawai. Saboda haka ana cika tanki a famfon zango kafin a shiga fili. Mutum uku ko huɗu masu alwala sau biyar, ga girki, ga wanke-wanke, in aka ƙara da wanka a cikin mota, jarka shida ba za ta kai kwana uku ba. Maganin abin mai sauƙi ne: wanka a ginin zango, akwai ruwan zafi, alwala da buta, a ɗebo a famfo, bayin mota kuma a bar shi don dare da kuma dattawa. Wanda ya taɓa zaman unguwar da famfo ke zuwa sau ɗaya a mako ba sai an koya masa wannan tattali ba.

Kada ka ji tsoron amfani da buta a bayin motar. Baƙin tanki ya fi son ruwa da yawa, ƙarancin ruwa ne ke sa ƙazanta ta daskare ta toshe. Abin da ba ya so shi ne tsumma, da ƙunzugun yara, da takarda mai kauri. Akwai takardar bayi ta musamman mai saurin narkewa, ita za ka saya. Ranar tashi za ka tsaya a wurin juye tanki, wani rami ne mai murfi da aka tanada a hanyar fita. Ka sa safar hannu ta roba, ka jona ƙaton tiyo, ka fara buɗe baƙin tanki, in ya gama ka rufe, sannan ka buɗe na ruwan toka don ruwan sabulu ya wanke tiyon. Tiyon cika ruwan sha daban ne, kada ya taɓa haɗuwa da wannan ko a wurin ajiya. Zubar da ruwan tanki a ƙasa ko a tafki laifi ne mai tara. Ranar karɓar mota ka sa mai ita ya nuna maka wannan aiki da hannunsa, ka ɗauka a wayarka, ba abin kunya ba ne.

Lantarkin Amurka mai ƙarfin bolt 120 ne, ba 230 irin na gida ba. A filin za ka ga ɗan turke mai akwati, a ciki akwai soket. Matsakaiciyar mota tana jan amfiya 30, manya kuma 50, bakin filoginsu ba ɗaya ba ne, don haka ka tambayi wanne motarka ke buƙata, ka kuma karɓi mahaɗin da ke sauya wannan zuwa wancan. Amfiya 30 sau 120 ya ba da wat 3,600, iyakar abin da za ka iya ja ke nan a lokaci ɗaya. Na'urar sanyaya ɗaki kan cinye kusan rabi, butar lantarki ta shayin Baba ta ci 1,500, in aka kunna na'urar ɗumama abinci a kai sai wuta ta ɗauke. Ba lalacewa ta yi ba, makunnin kariya ne ya faɗi, a kashe ɗaya a tayar da shi. Cajar wayoyin iyaye za ta yi aiki da ɗan mahaɗin filogi, amma dutsen guga ko hita da aka taho da su daga gida ba za su yi zafin kirki ba. Motar tana da janareta, sai dai daga ƙarfe 10 na dare zuwa 8 na safe lokacin shiru ne a gandayen jihar, ba janareta, ba rediyo, ba hira da ƙarfi. Akwai kuma maganar da ba na so ka manta: duk mun ji labarin iyalan da hayaƙin janareta ya kashe suna barci. Iskar gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, kuma gawayi ma yana fitar da ita. Kada a shigar da kurfoti ko garwashi cikin mota don jin ɗumi, kada a bar murhun gas a kunne don ɗumama ɗaki, ka kuma danna na'urar gargaɗin hayaƙi ka ji ta yi ƙara kafin ka bar wurin haya.

Tuƙinta ba wuya, amma yana son nutsuwa. Abu na farko, ka rubuta tsayin motar a takarda ka liƙa kusa da sitiyari, domin yawancinsu sun kai ƙafa 11 ko 12, kuma rumfar gidan mai ko reshen bishiya ba su san kai baƙo ba ne. Tana da nauyi, birki ba ya tsayar da ita nan take, ka bar tazara. A kwana ka buɗe sosai, gindinta yana sharo gefe. Iska da manyan tireloli za su riƙa ture ta, ka riƙe da hannu biyu, kada ka yi tsere da kowa. Kowa ya zauna a kujera mai bel, ba a kwanciya a gado ko dafa shayi mota na tafiya. Ka isa zango da sauran rana, saboda yawancin filaye da baya-baya ake shiga, kuma dole wani ya sauka ya zama yaron mota, ya tsaya inda kake ganinsa a madubi. Na san Baba ba zai ƙi wannan muƙami ba. In ta tsaya, a duba ko ta daidaita, in ta karkata a sa mata katakai ƙarƙashin taya. Ban da daɗin barci, irin firjin da ke aiki da gas yana lalacewa idan ya daɗe a karkace. Rumfar gefen mota kuma a naɗe ta duk lokacin da za a fita ko za a kwanta, iska kan karya ta, kuɗin gyaran kuwa daga aljihunka.

Ta fi otal araha? Sau da yawa a'a, gara in gaya maka tun yanzu. Ban da kuɗin hayar kowane dare, akwai kuɗin nisan tafiya da wasu ke lissafawa mil-mil, da inshora, da kuɗin ajiya da ake riƙewa har ka dawo da mota lafiya, da kuɗin sa'o'in janareta, wani lokaci har kayan shimfiɗa da tukwane sai an biya daban. Ga mai: irin wannan mota lita ɗaya ba ta wuce kai ta kilomita huɗu ko kusa da haka, zuwa da dawowa kilomita 700 ka ga an doshi lita 180. Abin da kake saye shi ne kicin naku, da bayi naku, da buɗe ƙofa da asuba ka ga tafki. Idan ka lissafa ka ga ya yi nauyi, ko Hajiya ta ce ƙafarta ba za ta jure hawa da sauka ba, a cikin gandun akwai masaukin Douglas Lodge, ginin gungumen itace tun 1905, da ƙananan ɗakuna na haya. Su ma da wuri ake kamawa. Kada kuma iyaye su shigo Amurka ba tare da inshorar lafiya ta baƙi ba, kuɗin asibiti a can ba abin wasa ba ne. Su taho da magungunansu da suka saba sha, su ishe su.

Akwai dokoki biyu da za su ba ka mamaki, amma kowacce da dalilinta. Ta farko, ba a zuwa da itacen wuta daga wani gari, ba a kuma tsintar na cikin gandu. Wani ƙwaro ne mai launin kore, ɗan asalin Asiya, da aka fara gani a Amurka kusa da Detroit a 2002, ya iso St. Paul a 2009. Tsutsarsa tana ɓuya ƙarƙashin ɓawon itace, ta kashe miliyoyin bishiyoyi, kuma a cikin itacen wuta mutane ke yi mata jigila ba su sani ba. Don haka sai itacen da hukuma ta amince da shi, ana sayar da shi a gandun. Ta biyu ta shafi ruwa: duk jirgin da aka fitar daga tafki sai an tsabtace shi daga ciyawa, an tsiyaye ruwansa kaf, saboda wata 'yar ƙaramar dabbar kwanso mai zane-zane da ke bin jirage daga tafki zuwa tafki tana toshe bututu tana ɓata abincin kifi. In kwalekwale za ku yi haya a wurin, wannan ba zai dame ku ba. Abin da ya shafe ku shi ne rigar hana nutsewa: dole a samu ɗaya don kowane mutum a jirgi, yaro ɗan ƙasa da shekara 10 kuma dole ya sa tasa. Ni dai na ce kowa ya sa. Kamun kifi da ƙugiya yana da lasisi. Mazauna jihar suna da sassauci a cikin gandayen jiha, amma baƙo irin Baba sai an yanka masa nasa, akwai na gajeren lokaci.

Namun daji fa? Babu zaki, babu kura. Akwai barewa, akwai baƙar beyar, wata ƙatuwar dabba mai gashi da ta fi son kwandon shara da sauran abinci a kan faɗa da mutum. Kada a kwana da abinci ko tukunya a kan teburin waje, a kai shara inda aka tanada, kada kuma a ba kowace dabba abinci. Maƙiyanku na gaskiya ƙanana ne. Sauron Minesota na Yuni da Yuli yana da yawa da naci, sai dai ba ya ɗauke da zazzaɓin da muka sani. A shafa maganin korarsa, a rufe ragar ƙofa. Kaska ta fi shi haɗari, musamman wata 'yar mitsitsiya da ke sa cutar Laim, mai farawa da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wani lokaci da jan tabo mai faɗaɗa a fata. In za a shiga ciyawa a sa dogon wando a cusa ƙafarsa cikin safa, da dare kowa ya duba jikinsa. Rana a Yuli tana da ɗumi, amma asuba a bakin tafki takan yi sanyi kamar farkon hunturu, a zo da rigar sanyi da bargo. In an yi gargaɗin guguwa mai ƙarfi, mota ba mafaka ba ce, a koma ginin da ma'aikata suka nuna. Ka tambaye su wurin tun ranar sauka. Sabis ɗin waya yana rauni a wasu sassan gandun, ka sauke taswira kafin ka baro gari.

Ibada da abinci ba za su ba ku wahala ba in an shirya. Alƙibla a Minesota tana arewa maso gabas, ba gabas sak ba kamar yadda Baba ya saba, ka nuna masa tun a gida don kada gardama ta tashi a daji. Yinin bazara a arewacin jihar yana kusan sa'a 16, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, isha'i ta yi nisa, asuba kuma ta zo da wuri ƙwarai, saboda haka ka buga jadawalin lokutan wurin a takarda, ku kuma tsara barcin rana. Nisan ya wuce na ƙasaru, kuma a mazhabar Malikiyya matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba yana nan a kan ƙasarunsa. Nama kuwa ka saya a Minneapolis, inda shagunan halal suke da yawa albarkacin 'yan'uwa Somaliyawa, kada ka dogara da samu a ƙananan garuruwan hanya. Firjin motar ƙarami ne kuma yana daɗewa kafin ya yi sanyi, a kunna shi tun daren tafiya in da hali. Hajiya ta soya miya ta daskarar, a riƙe kilishi, da dambun nama, da garin kunu, da yaji. Maƙwabtan zango suna da fara'a, za su iya miƙo muku wata farar alewa mai laushi da suke gasawa a bakin wuta; yawancinta da sinadarin da ake samu daga alade ake yi, akwai ta halal a shagunan gari in kana so ka riƙe taku. Ranar da ƙamshin tsirenka ya tashi kuwa, ka tanadi tsinke biyu na baƙi.

Abin da za ku gani ya cancanci wahalar. Daga tafkin Itasca ne kogin Misisifi yake farawa. A bakin mafitar akwai wani gungume da aka rubuta cewa wurin yana ƙafa 1,475 sama da teku, kuma kogin zai yi tafiyar mil 2,552 kafin ya faɗa tekun Meksiko. Littattafai suna cewa Henry Schoolcraft ne ya gano mafarin a 1832, amma wani shugaban ƙabilar Ojibwe mai suna Ozaawindib ne ya yi masa jagora har wurin, kamar dai yadda aka koya mana cewa Mungo Park ya gano Kwara alhali masunta na ciki da tarunsu. Sunan Itasca ma Schoolcraft ne ya harhaɗa shi daga kalmomin Latin biyu masu nufin gaskiya da kai. Cibiyar baƙi da ke wurin tana ɗauke da sunan Mary Gibbs, wadda a 1903, tana da shekara 24, take shugabar gandun, ta tsaya gaban masu saran katako da suka datse ruwa yana neman kashe itatuwa, ba ta ja da baya ba duk da barazanar bindiga. Irin wannan tsayin daka ne ya sa har yau akwai dogayen itatuwa masu jan ɓawo da suka haura shekara 200 a tsaye. Akwai hanyar mota ta kimanin mil 10 da ke ratsa su, dattawa za su sha kallo ba tare da sun taka ba. Da dare kuma za ku ji wani kuka mai tsawo daga kan ruwa. Ka riga ka gaya wa Hajiya tsuntsu ne, lun sunansa, shi ne tsuntsun da jihar ta ɗauka tambarinta.

Hausawa sun ce shirin zaune ya fi na tsaye, kuma a wannan tafiya kusan duk aikin a zaune ake yin sa. Ka ƙirga kwana 120 baya daga Litinin ɗin da ka zaɓa, ka sa wa ranar alama. In da hali ka karɓi motar kwana ɗaya kafin tafiya, ka zagaya da ita a filin da babu kowa, ka koyi baya-baya, ka kunna komai ka kashe. Idan kun isa, ka kai Baba mafitar kogin da safe kafin jama'a su taru. A nan Misisifi bai fi 'yan taku faɗi ba, ruwan iyakarsa gwiwa, ga duwatsu jere da mutane ke bi su tsallaka. Duwatsun suna da santsi, ka bi da shi ta gadar gungumen da ke ƙasa kaɗan, ko ya naɗe wando ku ratsa ta yashi kana riƙe da hannunsa. In ya koma Katsina aka tambaye shi abin da ya kai shi kwana a daji, sai ya ce ya je tsallake babban kogin Amurka ne da ƙafa. A gaishe min da shi da Hajiya, Allah ya kawo su lafiya.